Yadda muka kafa tashoshin auna yanayi uku da kuɗin tallafi a ƙasar Zazzau

Mu ma'aikatan sashen na'urori ne a ɗaya daga cikin manyan makarantun Zariya, kuma abin da ke tafe bayani ne na hanyar da muka bi tun daga ranar da muka ga sanarwar tallafi a farkon 2022 har tashoshinmu uku masu aiki da kansu suka fara aika bayanai a Janairun 2024. A cikin waɗannan shekaru biyu, kwana tara kacal muka yi muna ɗaure ƙarfe da waya. Sauran duk takardu ne da jira. Yanzu makarantu da ƙungiyoyin manoma suna ta samun irin wannan tayi daga waje, suna bugo mana waya da tambayoyi iri ɗaya, shi ya sa na ga gara a rubuta shi daki-daki.

Awon yanayi ba baƙon abu ba ne a Zariya, haka ma tallafin waje. Tashar binciken noma ta Samaru tun 1922 take, kuma Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama an kafa ta ne a 1964 da haɗin gwiwar gwamnati da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Mu ma muna da namu tsohon shinge: farin akwatin katako mai ɗauke da ma'aunan zafi, ma'aunin ruwan sama na tagulla mai baki inci 5 wanda ake dubawa kullum da ƙarfe 10 na safe, wato 9 agogon GMT, kwanon auna ƙafewar ruwa, da ƙwallon gilashin nan mai ƙona kati don a san awa nawa rana ta haska. Abin da ya tura mu neman tallafi shi ne kayan sun fara ƙarewa a hannunmu. Ma'aunin zafi mai zaiba in ya fashe samun madadinsa ya yi wuya tun da yarjejeniyar duniya ta Minamata kan zaiba ta hana ƙera irinsa da safararsa, katin ƙwallon gilashi sai an yi odarsa daga waje, masu karatun na'urorin kuma ɗaya bayan ɗaya suna ritaya ba a ɗauki wasu ba.

Ruɗanin farko shi ne sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mun ɓata kusan wata guda muna karanta ƙa'idojin manyan asusu biyu da kowa ke ambata: CREWS, wanda aka ƙaddamar a taron yanayi na Faris a 2015, da SOFF, wanda Hukumar Yanayi ta Duniya, WMO, ta kafa tare da UNDP da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, a taron Gilasgo na 2021. Dukkansu sun fi karkata ga ƙasashen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerin mafiya ƙarancin ci gaba da ƙananan tsibirai. Nijar da Chadi suna cikin jerin, Nijeriya ba ta ciki. Ban da haka, irin waɗannan asusu da hukumar yanayi ta ƙasa suke magana, ba da makaranta ko ƙungiya ba. Wanda ya dace da girmanmu ƙaramin tallafi ne na wata hukumar raya ƙasashe ta Turai, ta hannun wata jami'a da muke hulɗar bincike da ita. Sun fara da neman taƙaitaccen bayani na shafi huɗu. Bayan mako shida suka ce a kawo cikakken tsari da kasafi da kuɗin yuro, da jerin abin da mu za mu bayar daga aljihunmu: fili, mai gadi, albashin ma'aikata, mota.

Cikakken tsarin ya dawo mana da tambaya ɗaya a samansa: ina wasiƙar amincewar hukumar yanayi ta ƙasarku? Gaskiya mun ji kunya, domin a lissafinmu hukumar, wato NiMet, baƙuwa ce da za a gayyata ranar yanke ƙyalle. Dokar 2003 da ta kafa ta, wadda aka sabunta a 2022, ta ba ta ikon amincewa da kafa tashoshin auna yanayi a ƙasar nan. Shugabanta shi ne wakilin Nijeriya na dindindin a WMO, kuma ta hannunta ne kawai tasha ke samun lambar shaida ta duniya. Tashar da ba ta da wannan lamba, kome tsadarta, bayananta a kwamfutar mai ita suke tsayawa; ba sa shiga lissafin hasashen da ake karantawa a rediyo. Masu ba da tallafi sun sha ƙona hannu da irin wannan, tashoshi barkatai kowacce da ubangidanta, babu mai magana da 'yar'uwarta, shi ya sa suka daina sakin kuɗi sai da wannan wasiƙa.

Ga yadda muka bi. Shugaban makarantarmu ya rubuta wa shugaban hukumar wasiƙa, muka kai kwafi ga jami'inta mai kula da jihar Kaduna, sannan muka tafi hedikwatarta da ke kusa da filin jirgin saman Abuja, a mota, don lokacin jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja a tsaye yake. Wanda zai je ya riƙe lambobin taswira na kowane fili, hotunan filin ta gabas da yamma da kudu da arewa, jerin na'urorin da yake son saye da ƙarfin kowacce, da daftarin yarjejeniya. Zuwanmu na farko babu hotunan, sai da muka koma. A zama na biyu injiniyoyinsu suka shimfiɗa taswira suka nuna mana cewa biyu daga cikin filayenmu suna maƙwabtaka da wuraren da ake da awo tuntuni, alhali gabashin Zariya, ɓangaren Soba, da yamma wajen Giwa sun fi ƙishirwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muka bar guda a gonar makaranta saboda a gwada ta da tsohon shinge, muka matsar da biyun. Yarjejeniyar ta ci wata uku, rabin jinkirin namu ne, saboda daftarinmu bai faɗi waye mai kayan ba bayan aikin ya ƙare. Abubuwa huɗu ne dole su fito ƙarara a cikinta: mai mallakar na'urori, mai ikon ba da bayanai ga wani, mai gwada ingancin ma'aunai da sau nawa, da mai biyan kuɗin data da batir in tallafi ya ƙare.

An amince da tallafin a ƙarshen 2022, bayan ambaliyar da ta ci rayuka sama da 600 a ƙasar nan ta sa kowa yana maganar gargaɗin gaggawa. Sai aka zo kan wanda zai yi sayayya. In kuɗin ya shigo hannun ma'aikatar gwamnatin tarayya, ta asusun bai-ɗaya na TSA zai bi, sayayya kuma ta bi dokar ba da kwangila. Muka zaɓi masu tallafin su saya su aiko, mu kuma a ba mu kason aikin gida. Wannan ya rage mana wahala, amma ya sa takardar bayanin kayan da muka rubuta ta zama ita ce bakinmu a wurin da ba mu nan. Mun rubuta abin da ya shafi awo dalla-dalla: ma'aunin iska a kan mita 10, na zafi da laima a cikin garkuwar rana, na nauyin iska, na hasken rana, na zafin ƙasa a zurfin santimita 5, 10, 20, 50 da 100, da ma'aunin ruwa mai ƙirga milimita 0.2. Abin da ba mu rubuta ba shi ya dame mu daga baya, zan zo kansa.

Kuskure mafi tsada a wannan mataki layi ɗaya ne a yarjejeniyar kuɗi. An mayar da kason aikin gida zuwa naira a farashin ranar sa hannu, a farkon 2023, muka sa hannu ba mu ce uffan ba. Ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, farashin fetur ya kusan ninka uku. Tsakiyar Yuni Babban Banki ya saki naira, dalar da take ƙasa da naira 500 a hukumance ta haura 700. Kwateshan ɗin siminti da rodi da wayar shinge da muka karɓo a Sabon Gari duk suka zama tsohon zance. Sai da muka rubuta takardar neman gyaran kasafi, da sababbin kwateshan uku-uku na kowane kaya, muka jira mako biyar, kuma abin da aka yanke don cike giɓin shi ne kuɗin horar da ma'aikata, wanda shi ne bai kamata a taɓa ba. A bar kasafi da kuɗin mai bayarwa, a riƙa sakinsa kashi-kashi a farashin ranar.

Yanzu ga kwastam, inda yawancin kayan kyauta ke tsufa. Mutane suna ɗauka da zarar an ce kyauta ce, babu kuɗin fito. Ba haka ba ne. Yafewa sai an nema an bayar a rubuce. Tsarin da ya kamata shi ne: a karɓi takardar farashin farko daga kamfani da takardar shaidar kyauta daga mai bayarwa, a buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya daga waje, ta banki a nuna ba a neman kuɗin waje, a nemi takardar yafe haraji ta IDEC daga Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta shafinta na intanet, sannan a ce wa kamfani ya ɗora kaya. In kaya sun taso, banki ya tura takardun ƙarshe, kwastam su fitar da PAAR, wato takardarsu ta kimanta kaya, ejan mai fitar da kaya ya shiga aikinsa. Modem ɗin da ke cikin akwatin kuma, wato na'urar da ke aika bayanai ta layin waya, a tabbata irin wanda hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi ne. Mu kanmu ya juye. Kamfanin, don ya cika wa'adin kwangilarsa, ya ɗora kayan a jirgin sama a watan Agusta muna tsakiyar neman yafewar. Muka wayi gari da saƙon cewa kwali goma sha ɗaya suna Legas.

Matsala biyu muka tarar a takardun. A wayabil, wato takardar da ke rako kayan, an rubuta sunan aikin a matsayin mai karɓa, alhali aikin ba shi da lambar haraji ta TIN. Makarantar ce ke da ita, kuma da sunanta aka buɗe Form M. Gyaran suna sai daga can inda aka ɗora kayan, ya ci kwana goma sha biyu. Ta biyu, kamfanin ya jera kome a ƙarƙashin lambar kaya 9015, ta na'urorin awon ƙasa da yanayi, har da farantan sola waɗanda lambarsu daban ce, 8541. Jerin da ke takardar neman yafewa ya saɓa da jerin da ke cikin kwali, dole aka sake shi. Duk wannan lokaci kuɗin ajiya yana hawa kullum, kuma yafewar haraji ba ta shafe shi ba, haka ladan ejan da kuɗin ɗauka. Mako bakwai kayan suka yi. Kasafinmu ba shi da layin wannan ko kaɗan, makaranta ce ta ranta mana, kuma zaryar da muka yi tsakanin ofishin kuɗi da na odita kafin a sa hannu a baucha ita ce lokacin da na fara tunanin ko a ce wa masu kayan su kwashe abinsu. Ranar buɗe kwali a gaban jami'ai, a tura wanda ya san na'urorin, ba ejan kaɗai ba. Ƙoƙon gilashin ma'aunin hasken rana ba ya jure a ɗaga shi ta waya, kuma za a tambayi amfanin kowane abu. Wanda ke Arewa ya tambayi kamfani tun farko ko za a iya sauke masa a Kano.

Abu biyu mun yi dabara ba mu sa a oda ba: batir da turken ƙarfe. Batir mai nauyi ne kuma jirgi na da ƙa'idoji a kansa, muka sayi na sola mai bolt 12 a gida. Turken mita 10 kuwa welda ya haɗa mana shi da bututun da aka yi wa rufin hana tsatsa, gaɓa uku, da maƙala a gindi yadda mutum huɗu za su kwantar da shi a yi gyara ba sai an hau ba.

Fili shi ma yana da tasa hanyar. A ƙauyukan biyu mun fara da hakimi, ya haɗa mu da dagaci. Da muka gama bayani dagacin wajen Soba ya ce, “Malam, na ji. To kamfanin nawa zai riƙa biyan mai gonar a shekara?” Ya ɗauka turken sabis ɗin waya ne. Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba ya kawo ko sisi, ruwan sama da iska yake ƙirgawa, amfaninsa na masu shuka ne.” Ya yi shiru, sannan ya ce in haka ne kada a sa shi a gonar mutum, a kai shi filin makarantar sakandare, inda akwai mai gadi kuma ba gadon kowa ba ne. Shawararsa ta fi tamu. Aka rubuta takarda, shugaban makarantar da ofishin ilimi na yankin suka sa hannu. Wajen zaɓen gurbi, ƙa'idar ita ce duk wani gini ko itace ya yi nisan akalla ninki goma na tsayinsa daga ma'aunin iska, wato darbejiya mai mita 8 ta kasance mita 80 daga turke. Ma'aunin ruwa kuma ninki biyu ne mafi ƙaranci, huɗu ya fi. Kada a yarda da ganin rani. Filin da yake fetal a Disamba, a Agusta masara ce ta fi mutum tsayi kewaye da shinge, ta tare iska ta ƙara laima. Sai a tambaya me ake shukawa a wurin, a kuma yi sharaɗin gyaɗa ko wake kawai a kusa.

Mun zuba kankare a ƙarshen Disamba, rami huɗu a kowace tasha, ɗaya na turke uku na wayoyin da ke riƙe shi, muka bar shi mako guda ana ba shi ruwa. Shinge mita 10 a kan 10 na wayar raga. Bulo yana riƙe zafi yana tare iska, kada birkila ya rinjaye ku. Ƙasan ciki a bar shi da ciyawa gajera, ba daɓen siminti ba. Abin da ya fi cin lokaci shi ne rodin tagulla da ke kai wutar tsawa ƙasa. Ana so awon turjiyar ƙasa ga wuta ya sauka ƙasa da om 10, amma marmarar Zariya a bushe ba ta karɓar wuta. Rodi ɗaya bai ko kusa ba, sai da muka kafa uku a tazara muka haɗe su da waya mai kauri, muka cika ramukan da garin gawayi. Masu aikin wuta za su ce a zuba gishiri. Yana saukar da awon a ranar, ya cinye rodin a shekara biyu. Ma'aunin zafi tsakanin mita 1.25 da 2 daga ƙasa, mu mun tsaya a 1.5. Farantin sola ya kalli kudu da ɗan karkata kamar digiri 15 don ƙura da ruwa su zame. Saita arewa ga ma'aunin alƙiblar iska kuwa, kamfas a gindin turken ƙarfe ƙarya yake yi. A Janairu rana tana kudu da mu, kuma tana kaiwa tsaka wajen ƙarfe 12:40 a Zariya, ba sha biyu ba. A wannan lokaci inuwar turken tana nuna arewa sak. Muka ja igiya a kan inuwar muka kafa fegi.

Ƙananan abubuwa uku da ake mantawa ranar kunnawa. Agogon loga, wato na'urar da ke tattara bayanan, a sa shi a GMT, ba agogon gida ba. Tsayin tasha daga teku kada a ɗauke shi da wayar hannu, domin kuskuren mita 9 yana kawo kuskuren kusan maki ɗaya a nauyin iska, kuma a nan da muke wajen mita 680 sama da teku awon yana yawo ne kusa da maki 935. Mun roƙi masu safiyo suka auna mana. Layin waya kuma a yi masa rajista da sunan ma'aikata, a kan tsarin biya na shekara. Namu na farko da sunan wani ma'aikaci aka yi, aka yi masa canjin wurin aiki, data ta ƙare, tashar Giwa ta yi kwana goma sha tara shiru. Bayanan ba su ɓata ba, suna cikin katin loga, amma bayanin guguwa da ya iso bayan mako uku tarihi ne.

Sai abin da na ce ba mu rubuta ba. Da muka kunna, muka ga tashoshin suna aika kome zuwa babbar kwamfutar kamfanin a Turai, mu kuma mu shiga shafinsu da kalmar sirri mu ga zane mai kyau. Kuɗin shafin an biya na shekara biyu, daga nan sai mu. NiMet ba ta da hanyar jan bayanan daga can cikin tsarinta, kuma manhajar da ke cikin loga a kulle take, ba mu da ikon ƙara adireshi na biyu. Wata huɗu muka yi muna musayar wasiƙu, sai da masu tallafin suka riƙe ragowar kuɗin kamfanin kafin ya buɗe. Layi uku a takardar oda da sun kashe wannan magana: loga ta iya aikawa wuri biyu ko fiye ta hanyoyin da kowa ke amfani da su irin FTP ko MQTT, a miƙa manhajar da duk kalmomin sirri, kuma tashar ta yi aiki ko ba a biya kuɗin shafin kamfani ba. Bayan nan ne aka zo rajista. Mun cike fom na tarihin tasha: lambobin taswira, tsayi, irin kowane ma'auni da lambarsa da ranar gwajinsa, hotuna, da abin da ke kewaye. Jami'in hukumar ne ke shigar da shi rumbun WMO da ake kira OSCAR, tashar ta sami lamba mai gaɓa huɗu wadda 566, lambar Nijeriya, ke cikinta. Tsarin da WMO ta amince da shi a 2021 yana son tashoshin ƙasa a tazarar da ba ta wuce kilomita 200 ba, suna aikawa kowace awa, a raba wa duniya kyauta. Wannan shi ne ribar masu tallafin: hasashen Turai ma yana gyaruwa in an san abin da iska ke yi a kan Afirka ta Yamma.

Ba mu rufe tsohon shinge ba. Ƙa'ida ita ce a bar tsoho da sabo su yi aiki tare akalla shekara guda, an fi son biyu, in ba haka ba ba za a san ko yanayi ne ya canja ko ma'auni ba. Dattijon da ya fi shekara talatin yana karanta shingen muka roƙa ya ci gaba. Watan Yunin 2024 alƙalumansa da na na'ura suka ƙi haɗuwa, har wani matashinmu ya fara cewa tsufa ne. Na same shi na ce, “Baba, littafinka ya ce ranar Talata an yi ruwa, na'ura ta ce Laraba.” Ya ce, “Ɗana, ruwan asubahin Laraba ai na Talata ne. Abin da na tarar ƙarfe goma, jiya nake rubuta wa.” Shi ke da gaskiya: ranar ruwa daga 9 zuwa 9 agogon GMT take, manhajar kuma tana yankewa tsakar dare. Da muka gyara, sai wani bambancin ya fito a malka. Ma'aunin sabo 'yan ludayi biyu ne a kan lilo, ɗaya ya cika ya kife ɗayan ya karɓa. In ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, wanda ke zuba a lokacin kifewar ba ya ƙirguwa, saboda haka kullum yana ƙasa da na tagulla a manyan ranaku. Wannan halinsa ne, sai dai a san girmansa. Amma a tashar Soba an yi kwana huɗu ana ruwa tana rubuta sifiri. Zanzaro ne ya yi ɗaki a ƙarƙashin ludayi ɗaya ya hana shi motsi.

Gwajin ma'aunin ruwa ba ya buƙatar baƙo. In bakin mazurarin santimita murabba'i 200 ne, kowace kifewa mililita 4 ce. A auna mililita 400 a gora, a huda murfin yadda zai ɗiga cikin minti arba'in, a ƙirga: ya kamata a sami kifewa 100, wato milimita 20. Tsakanin 95 da 105 a bar shi. In ya wuce haka a duba daidaiton gindinsa tukuna kafin a taɓa sukurorin da ke ƙarƙashin ludayin, kuma a cire wayar loga kafin gwaji don kada a rubuta ruwan da ba a yi ba. Muna yin wannan a Afrilu kafin ruwan fari da kuma Oktoba. Da damina duk mako a buɗe mazurari a cire ganye da kashin tsuntsu. Da hunturu aikin ya koma goge farantin sola da ƙoƙon gilashi, sau biyu a mako in hazo ya yi kauri, in ba haka ba batir ya mutu da tsakar dare, a riƙa samun giɓi daga ƙarfe uku zuwa fitowar rana. Matatar ma'aunin laima ƙura na toshe ta, a canja ta duk shekara. Ma'aunin nauyin iska da na zafi kuma a kai su ɗakin gwaji na hukumar a Abuja ko a gwada su da nata na tafi-da-gidanka, wanda ke nufin sai da safaya da za ta zauna a gurbinsu.

Da za mu sake rubuta kasafin, ga abin da zai canja. Tasha biyu za mu nema, ba uku ba, kuɗin ta ukun ya tafi ga cikakken saitin safaya, loga guda ta ajiya, da kayan gwaji. Za mu sa layin fitar da kaya daga kwastam da kuɗin ajiya, da sharaɗin cewa kamfani ba zai ɗora kaya ba sai mun aika masa lambar Form M da takardar yafewa. Horo zai kasance a nan, a gindin turken, ga masu riƙe sifana, mutum uku akalla, har da malamin kimiyya na makarantar da tashar take. Tafiyar mako guda zuwa Turai ga manya ba ta taɓa cire zanzaro daga ludayi ba. Za mu tambayi hukumar irin na'urorin da injiniyoyinta suka riga suka saba da su mu nemi irinsu, domin kowane sabon samfuri ƙarin kaya ne a kan wanda zai gaje shi. Kuma tun shekarar farko za mu sa kuɗin data, batir duk shekara biyu zuwa uku, man mota na zuwa ƙauye sau ɗaya a wata da ɗan alawus na mai goge faranti a cikin kasafin makaranta, ko da tallafi yana biya, don layin ya saba zama a takarda. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma masu tallafi ba sa ɓoyewa cewa sayen kaya suke yi, ba riƙo ba.

Rufe aikin ya zo da nasa takardun: rahoton ƙarshe, rasit na kowace naira da asalinsa ba hoto ba, jerin kaya da lambobinsu, da takardar miƙa mallaka wadda ofishin kadarori ya shigar a littafinsa. Rasit ɗin welda da na masu haƙa rami su suka ba mu wahala, don ba su da na bugawa; sai a tanadi fom mai sunan aiki su sa hannu ko su dangwala tun ranar biya. Yanzu tashoshin uku suna aikawa duk awa. Malaman gona na yankin suna karɓar jimillar ruwan kwana goma-goma ta WhatsApp, suna ɗora ta a kan hasashen damina da NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara, su ga ko ruwan da ya sauka ya isa a yi shuka ko na yaudara ne. Batir ɗin tashar Giwa ya fara kumbura, mimon sayen sabo yana kan tebur na uku, kuma mun ɗauko na ajiya mun sa a mota don zuwan Asabar.